Malamin jami'a, wa ya koya masa koyarwa?

  

Yau maganar jami'a zan yi. Ba ta kuɗin makaranta ba, wannan mun sha yin ta. Wata tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: malamin nan da yake tsayawa a gaban ƙannenmu a jami'a, wa ya koya masa koyarwa? Ban ce wa ya koya masa kemistiri ko lissafi ko shari'a ba, wannan mun sani, ga digiri nan har uku a jikin bango. Koyarwar kanta nake nufi. Yadda zai ɗauko abin da ke kansa ya zuba a kan yaron da ya taso daga Yalwa ko Kofa ko Burji, wanda bai taɓa riƙe kwalbar gwaji a sakandare ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana.

Ni ɗan yankin Kiru ne. Shekarar da na shiga jami'a akwai wani yaro ɗan wajen Doguwa, can kusa da Riruwai, da muka haɗu a Kwanar Ɗangora muna jiran mota, kowa da jakarsa da ɗan buhun garinsa. Hira ta kai mu ga gane cewa makaranta ɗaya za mu, har ɗaki ɗaya muka kama daga baya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan jami'ar ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Abin da zan faɗa shi ne yaron nan ya fi ni ƙwaƙwalwa, wallahi ya fi ni. Shi yake koya mini lissafi da daddare.

A aji ɗaya akwai kwas ɗin kemistiri da duk ɗan kimiyya sai ya yi. Mun yi yawa, sai aka raba mu gida biyu bisa lambar rajista. Ni na faɗa rukunin wani dattijo, shi kuma ya faɗa rukunin wani matashin Dokta da bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Kwas ɗaya, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya.

Ranar da dattijon nan zai fara mana lissafin kason sinadarai a cikin abu, bai fara da allo ba. Cewa ya yi waye a nan babansa yake noma? Hannuwa suka tashi, kusan rabin aji. Ya ce buhun takin yuriya kilo nawa ne? Aka ce 50. Ya ce lambar nan 46 da ake rubutawa a jikin buhun, me take nufi? Aka yi tsit. Shekara da shekaru muna ɗaukar buhun nan a ka, ba wanda ya taɓa tambaya. Ya ce to kashi 46 cikin 100 na abin da ke ciki naitirojin ne, ke nan a buhu guda kilo 23 kawai shukar take nema, sauran abin da ke riƙe da shi ne. Sai ya ce to kamfa mai 15:15:15 fa, kilo nawa na naitirojin ke cikin buhunta? Muka lissafa, bakwai da rabi. Ya ce yanzu ku gaya mini dalilin da ya sa manomin masara yake bin kamfa da yuriya. Daga nan ya ja mu zuwa nauyin ƙwayoyin sinadaran, ya sa mu da hannunmu muka fito da 46 ɗin nan daga tsarin yuriyar. Har yau ban manta ba, kuma ni ban ma ƙare a kemistiri ba.

Abokina kuwa, malaminsu yakan shigo ya juya wa aji baya, ya cika allo, yana magana da Turanci mai gudu, ya goge, ya sake cikawa. In ka yi tambaya ya ce wannan ai tun a sakandare ya kamata ka sani. Kuma gaskiyarsa, a manhaja haka yake. Sai dai sakandaren da abokina ya yi, malamin kemistirinsu ɗan bautar ƙasa ne da ya zo zango biyu ya tafi. Ya faɗi kwas ɗin. Ya sake shi a shekara ta biyu, ya sake faɗa wa hannun malamin nan, ga kwasa-kwasan aji biyu da aka gina a kan na farkon. Maki ya yi ƙasa, aka ba shi gargaɗi, ƙarshe aka sallame shi. Mahaifinsa masara ya riƙa sayarwa buhu-buhu yana biya masa. Yanzu yana harkar shinkafa a kasuwar Tudun Wada, Alhamdulillahi yana rufa wa kansa asiri, amma haɗa magunguna ya so ya karanta.

Ga inda abin yake ƙona mini rai. Ofishin malaman nan biyu bango ɗaya ne ya raba su. Masallaci ɗaya suke sallar azahar. Bayan na gama, na je gaida dattijon, na tambaye shi, na ce Malam, don Allah abokin aikinka ya taɓa shiga ajinka ya ga yadda kake yi? Ya yi dariya, ya ce ɗana, tunda na fara aikin nan ba malamin da ya taɓa zama a ajina, ni ma ban taɓa zama a na kowa ba. Ya ce in na ce wa yaron nan ya zo ya gani, zai ɗauka raina shi na yi. Yanzu dattijon ya yi ritaya. Buhun takin nan ya tafi da shi gida.

Kar wani ya ce na zo cin mutuncin matashin Dokta. Da farko na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Daga baya na gane cewa shi ma haka aka yi masa. Ku duba tsarin da kyau. A Najeriya, mafi ƙarancin shaidar da ake nema ga malamin firamare ita ce NCE, shekara uku yana koyon yadda ake koyarwa, har a tura shi makaranta gwajin koyarwa, malaminsa ya zo ya zauna a bayan aji da takarda yana duba shi. Akwai ma hukumar rajistar malamai, TRCN, da aka kafa da doka tun 1993. To amma a jami'a, yaro ya fita da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, a riƙe shi a matsayin mataimakin malami, a miƙa masa alli da ajin mutum ɗari uku. In ba a fannin ilimi ya yi karatu ba, mai yiwuwa bai taɓa zama ko awa ɗaya an nuna masa yadda ake tsara darasi ko yadda ake rubuta tambayar jarrabawa ba. Me zai yi? Zai kwaikwayi malamin da ya koya masa. In ya yi sa'a ya kwaikwayi nagari, in bai yi sa'a ba ya ɗauko tsohon handawut ya ci gaba da karanta wa yara. Sannan in lokacin ƙarin girma ya zo, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne takardun bincike nawa ka wallafa. Ko yara sun gane ko ba su gane ba, da wuya wannan ya hana ka zama Farfesa.

To mene ne magani? Wasu za su ce a kai su bita. An sha kai su. A tara mutane a otal kwana uku, a ba su jaka da biro da shinkafa da kaza, wani ya zo ya karanta musu allon majigi a kan illar karanta wa ɗalibai allon majigi, a raba takardar shaida, a watse. Ban ce ba ta da amfani sam ba. Amma ranar Litinin malam zai koma ajinsa shi kaɗai, da matsalarsa da ba a taɓo a otal ba.

Abin da nake so mu tattauna ya fi wannan araha, kuma ya fi shi wuya. Shi ne malaman da ke cikin jami'a ɗaya su riƙa zama da junansu a kai a kai, su 'yan kaɗan, a kan sana'ar koyarwa kawai. Wannan ya ce ga inda yarana suke maƙalewa, wancan ya ce ni ga yadda na ɓullo wa abin, a shiga ajin juna a gani, a dawo a yi magana. Masana sun ba wa irin wannan zama suna a Turance, ma'anarsa dai jama'ar da sana'a ɗaya ta haɗa, suke koyo daga juna a cikin yin ta. Ni zauren malamai zan riƙa ce masa.

Sunan ya fito ne daga wani littafi da Jean Lave da Etienne Wenger suka fitar a 1991. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne ba daga jami'a suka ɗauko tunanin ba. Ita Lave a Afirka ta Yamma ta yi bincikenta, wajen teloli 'yan ƙabilar Vai da Gola a Monrobiya ta ƙasar Laberiya. Ta lura cewa ba wanda yake zaunar da yaron shago ya yi masa lakca. Da guga yake farawa, da sa maɓalli, da ƙarasa bakin riga. Sannan ya hau keke. Yanka shi ne na ƙarshe, don nan ne kuskure yake cin yadin mutane. Yana cikin masu sana'ar, yana gani, yana jin hirarsu, ana gyara masa, a hankali ya tashi daga gefe ya koma tsakiya. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Bebeji ya san haka ake yi. Abin da suka ce shi ne yawancin gwanintar sana'a a haka take yaɗuwa, ko a asibiti ko a jirgin ruwa ko a ofis. To malamin jami'a ya samu irin wannan zama a ɓangaren bincike, yana da mai duba aikinsa, yana gabatar da takarda a soke ta a gyara. A ɓangaren koyarwa ne aka bar shi a shago shi kaɗai, aka miƙa masa almakashi tun ranar farko.

Mu kuma ba sai mun je Laberiya ba. Ku tuna da musaffa. Alarammomi, mutanen da kowannensu ya haddace Alƙur'ani, wani ma ya rubuta shi da ka ba sau ɗaya ba, su zauna a da'ira. Ɗaya ya ɗauko karatu, sauran suna saurare. Ya yi tuntuɓe, a gyara masa nan take, ya kai inda zai kai, na kusa da shi ya karɓa. Mai furfura yana karɓar gyara daga wanda ya haifa, kuma ba ya tashi ya ce an ci masa fuska. Wanda ya rubuta Alƙur'ani yakan miƙa wa 'yan'uwansa su bi shi wasali bayan wasali. Me ya sa? Don sun san gwani ma yana mantuwa, kuma abin da suke riƙe da shi ya fi girman kansu. Abin dariyar, da aka tashi fassara sunan manyan rassan jami'a zuwa Hausa, tsangaya aka ce. Tsangayar kimiyya, tsangayar shari'a. An ɗauko sunan, an baro musaffar.

Ko manoma. Ruwan madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, shi ke shayar da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. A 2016 da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya tsaya saboda rashin kaya, ina manomi ya fara kai kukansa? Majalisa. Wane magani ka fesa, da yamma ko da safe, ya yi ko bai yi ba. Amma a nan zan ja hankalinmu, don kar a ce ina wasa majalisa kawai. A majalisar nan ne kuma ake yaɗa shawarar banza, a ce haɗa magani uku wuri ɗaya, mutum ya ƙona gonarsa ya cuci ƙirjinsa. Zama kaɗai ba ya isa. In malamai suka zauna ba hujja a gabansu, hirar za ta koma yaran yanzu ba sa karatu, yaran yanzu sai waya, a sha shayi a tashi. Sa'ar da malamin jami'a ya yi ita ce hujjarsa tana cikin kabad ɗinsa: takardun jarrabawar bara. A ɗauko guda hamsin a baje a tebur, a ga tambaya ta uku a wane layi yawancin yara suka karkace. Daga nan magana take fara ma'ana.

A wasu ƙasashen an mayar da abin tsari. A jami'ar Miami da ke jihar Ohio a Amurka, ba Miami ta bakin teku ba, wani malamin lissafi mai suna Milton Cox ya fara haɗa irin waɗannan zaurukan tun 1979. Mutum takwas zuwa goma sha biyu, daga sassa daban-daban, su yi shekara guda suna haɗuwa. Wani zauren na sababbin malamai ne, wani kuma an gina shi a kan matsala guda, misali yadda za a koyar da babban aji. Jami'o'i da dama sun kwafa daga gare su. A Japan kuma malaman makaranta sun fi shekara ɗari suna wani abu: su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a cikin ajin, idonsu a kan yara, me yaro ya rubuta, a ina ya daina bi. Su fito su gyara darasin, wani ya sake koyar da shi. Irin wannan tunani ya shigo Najeriya ta shirin SMASE na horar da malaman lissafi da kimiyya a matakin farko, wanda aka fara da tallafin Japan a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Kun ga an yarda malamin firamare yana buƙatar ɗan'uwansa. Na jami'a ne aka ɗauka ya gama sani.

Akwai labarin da nake so duk matashin malami ya ji. Eric Mazur malamin fiziks ne a Harvard, ɗalibai suna yabonsa, suna cin jarrabawarsa. Wajen 1990 ya ci karo da aikin wasu malamai a Arizona, su David Hestenes, da suka tsara tambayoyi masu sauƙi, ba lissafi a ciki, don a gane ko yaro ya fahimci ma'anar ƙarfi da motsi. Ya gwada a kan nasa ɗaliban yana ganin za su share. Sai ya tarar da yawa haddar dabarun lissafi suke yi, asalin abin bai shiga ba. Bai ce laifin sakandare ba ne. Ya canza salo: ya yi bayani kaɗan, ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya ce juya ka shawo kan na kusa da kai, bayan 'yan mintuna a sake zaɓe. Ya fitar da littafi a kan salon a 1997. Abu biyu nake so ku riƙe a nan. Wannan salo ba ya buƙatar lantarki, da ɗaga yatsu ma ana yin sa, a ajin mutum ɗari huɗu. Sannan shi kansa Mazur daga wasu malamai ya samu madubin da ya ga kansa. Da ya tsaya a kan yabon da ake masa, da har ya yi ritaya bai sani ba.

Na san malaman da ke saurarena sun fara cewa yaron nan bai san dawan garin ba. Na sani, ranku ya daɗe, ko ban sani duka ba. Mutum yana ɗauke da kwas huɗu ko biyar, ga takardu ɗaruruwa da zai yi wa maki, ga ɗaliban da yake duba wa aikin kammalawa, ga albashin da ba ya kai wata, sai ya haɗa da koyarwa a wata makarantar ko noma. A 2022 an yi wata takwas ana yajin aiki, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka riƙe albashi, da aka dawo kuma aka matse zango ana gudu. Ka zo wa wannan mutumin da maganar wani sabon zama? Hujja ce mai ƙarfi, kuma ina cikin masu cewa a biya malamai haƙƙinsu. Sai dai ku duba ta ɗaya gefen. Malamin da ya gaji shi ya fi kowa buƙatar kada ya ƙirƙiro komai daga tushe. In abokin aikinsa ya riga ya gano hanyar yi wa ajin mutum ɗari biyar gwaji ba tare da ya kwana uku yana maki ba, awa ɗaya da zai zauna ya ji ta ba asara ba ce. Kuma yaron da ya faɗi kwas bana, kai zai dawo wa baɗi, ya ƙara maka yawan takardu.

Matsalar da ta fi ta lokaci girma, a ganina, ita ce kunya da girma. Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau. Amma ya za a yi ƙaramin malami ya ce wa Farfesan da ya koyar da shi, ranka ya daɗe yaran baya ba sa jin ka? Ya za a yi Farfesa ya buɗe baki a gaban yaransa ya ce shekara goma ina koyar da abin nan ba sa ganewa? Shi ya sa dole babba ne zai fara buɗe ƙofar ajinsa. In shugaban sashe ya ce ku zo ku zauna a ajina ranar Talata ku gaya mini abin da kuka gani, ya gama karya kunyar kowa. Sai kuma tsoron bi-ta-da-ƙulli, wanda shi ma gaskiya ne, duk wanda ya san siyasar cikin jami'a ya san ana yi. Duk abin da aka gani a ajin mutum a zauren zai tsaya, ba ya shiga fayil ɗinsa, ba ya zuwa gaban kwamitin ƙarin girma. Ranar da aka haɗa su, ranar kowa zai fara shirya darasin nuna wa baƙi.

Kuma don Allah kar a mayar da shi kwamiti. Mun san halinmu. Da an ce ga sabon abu, sai a naɗa shugaba da sakatare da ma'aji, a buga takarda mai tambari, a fara jiran kuɗin zama daga TETFund. Kuɗin bai zo ba, zaman ya mutu. Abin da hukumar jami'a za ta yi kaɗan ne: ta ware awa biyu a jadawali da ba a sa lakca, ta ba da ɗaki, ta lissafa wannan zama cikin aikin malami. Sauran na malaman ne. Mutum shida, takwas, duk sati biyu, matsala ɗaya har a ga bayanta. Wani ya riƙa rubuta abin da aka gwada da abin da ya fito, ko a shafi biyu ne, a ajiye a sashe, don wanda za a ɗauka baɗi ya tarar da wani abu. Malamai mata su kasance a ciki, kuma a sa lokacin da za su iya zuwa, ba bayan magariba ba.

Akwai ma ƙofa a buɗe yanzu. Sabuwar manhajar da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wa zai cike? Malaman nan ne. In mutum ɗaya ya shige ofis ya kwafo daga intanet, an cike a takarda. In kuwa malamin ƙasa da na ruwa da na tattalin arziki suka zauna, ga noman ranin da ke ƙarƙashin Tiga, ga dajin Falgore, ga ma'adinan Riruwai da aka haƙi kuza tun zamanin Turawa, ga kasuwar shinkafar Tudun Wada. Yaro ya ga garinsu a cikin darasi, kamar yadda na ga buhun babana.

Sannan ni zan so zauren ya leƙo waje kaɗan. Yawancin yaranmu Wudil suke tafiya, ko cikin Kano, ko Zariya. Kafin su kai can, wasu sun bi ta kwalejin share fagen shiga jami'a da ke Tudun Wada, duk kuma sun bi ta sakandaren garuruwanmu. Malamin aji ɗaya a jami'a yana cewa ai an koya muku a sakandare. Malamin sakandare bai san me ake jira daga yaronsa a can ba. Ko sau ɗaya a zango su haɗu, na jami'a ya ji da kunnensa cewa makarantar kaza ta yi shekara biyu ba malamin fiziks, zai san daga inda zai ɗauko darasinsa. Ga Makarantar Horar da Lauyoyi a Bagauda, a ƙasar Bebeji, inda ake karɓar waɗanda jami'o'i daban-daban suka yaye. Malaman can suna ganin abin da digirin shari'a ya bari a kan yaro da abin da bai bari ba. Wannan sani ne da ya kamata ya koma wa masu koyarwa a jami'a.

To mu fa, matasa? Ba mu da kujera a majalisar jami'a, gaskiya ne. Amma muna da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, na Kiru, na Bebeji, na Tudun Wada, na Doguwa, kusan a kowace babbar makaranta. Duk shekara me muke yi? Mu buga allon karramawa mu kai wa ɗan siyasa, ya ba mu na mota, a ɗau hoto. Ni ma na yi, ba zan wanke kaina ba. Da za mu zauna mu tambayi 'yan aji ɗaya da aji biyu wane kwas ne ya fi kayar da ku, a wane maudu'i, wane malami ne kuka fi ganewa a hannunsa kuma me yake yi daban, mu rubuta cikin ladabi ba tare da kama sunan wanda ake kuka da shi ba, mu kai wa shugaban sashe, da mun ba zauren malamai abin da zai fara da shi. Kuma in za a karrama, a karrama irin dattijon nan tun yana aiki, a roƙe shi a gaban abokan aikinsa ya nuna yadda yake yi.

Muna kuma da 'yan yankinmu da suke koyarwa a jami'o'i da kwalejoji, matasa ne sa'o'inmu, da sallah duk suna gida. Na yi magana da uku daga cikinsu kafin in shigo wannan shirin. Biyu sun ce tunda aka ɗauke su ba wanda ya taɓa ganin darasinsu. Na ukun ta ce ita da wata abokiyar aikinta sun fara shiga ajin juna a ɓoye, don kar a ce suna neman suna. A ɓoye fa, jama'a, kamar masu laifi. Na roƙe ta ta zo shiri na gaba ta faɗa mana abin da ta gani a ajin ƙawarta da abin da ƙawar ta gani a nata, ta ce sai ta yi shawara da ita tukuna.

In kai malami ne a jami'a ko kwaleji kana saurare, ko ke malama, ku rubuto mana a ƙasan wannan rubutu: an taɓa zama a ajinku? Ku kun taɓa zama a na wani? Ɗalibai kuma ku faɗa mana dabarar wani malami da ta sa kuka gane abin da ya gagare ku, amma ban da kama sunan kowa da sharri, duk wanda ya yi za mu goge. Abokina na Tudun Wada ya ce zai saurari wannan shirin in ya tashi daga kasuwa, to ina gaishe ka, kuma ina nan zuwa karɓar shinkafar da ka yi mini alkawari.